Fansar Jan Sarki da Dajin Birnin Gwari: Wa Ake Yi wa Dariya a Labarin Garkuwa da Mutane?

Gabatarwa

A watan Satumba na shekarar 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta ba da sanarwar hana nuna garkuwa da mutane a finafinan Hausa, tare da shaye-shayen miyagun ƙwayoyi da ƙwacen waya, don gudun kada matasa su koyi ɓarna daga abin da suke kallo. Duk wanda ya tuna yadda wannan shekara ta kasance ba zai yi mamakin matakin ba. A watan Fabrairu aka kwashe ɗaliban Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara. A watan Maris aka tafi da ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, kwanaki kaɗan bayan haka kuma aka sace malamai uku a makarantar firamare ta Rama, cikin ƙaramar hukumar Birnin Gwari. A ƙarshen watan Mayu aka kora yara fiye da ɗari cikin daji daga wata makarantar Islamiyya a Tegina.

Matakin hukumar ya bar wa manazarta adabi tambaya mai nauyi: shin ƙagaggen labari yana da hurumin taɓa wannan ciwo, balle har ya yi dariya a kansa? Ma'auni mafi dacewa da za a gwada tambayar da shi shi ne gajeren labarin marubucin Amurka O. Henry mai suna The Ransom of Red Chief, wanda za a kira shi Fansar Jan Sarki a wannan maƙala, domin da wuya a sami labarin ban dariya kan garkuwa da mutane da ya kai shi shahara. Ra'ayin maƙalar shi ne, ƙullin wannan labari ba zai rayu a dajin Birnin Gwari ba, kuma kuskure ne a dasa shi a can yadda yake. Amma dabarun salonsa suna da amfani ga marubucin Hausa, muddin ya san wanda zai juya wa bakin dariyar.

Labarin a taƙaice

O. Henry sunan alƙalami ne na William Sydney Porter, wanda aka haifa a 1862, ya rasu a 1910. Labarin ya fara fitowa a mujallar Saturday Evening Post a 1907, daga baya aka sa shi cikin tarin labaransa mai suna Whirligigs a 1910. Wasu 'yan damfara biyu, Sam da Bill, suna da dala 600 a hannu, suna kuma neman ƙarin dala 2,000 don su ƙulla wata cuwa-cuwar filaye. Sai suka yanke shawarar sace ɗan wani attajiri mai ba da bashi da jingina, Ebenezer Dorset, a wani ƙaramin gari na jihar Alabama. Suka ɗauke yaron mai shekara goma, suka ɓoye shi a kogon dutse a bayan gari.

Yaron bai ji tsoro ba ko kaɗan. Ya ɗauki zaman kogon a matsayin wasa, ya naɗa kansa sarkin yaƙi na 'yan asalin ƙasar Amurka, ya sa wa kansa suna Jan Sarki, ya mai da waɗanda suka sace shi fursunoninsa. Da asuba ya hau ƙirjin Bill da wuƙa zai feɗe masa fatar kai. Ya jefa masa dafaffen dankali mai zafi a cikin riga, ya jefe shi da majajjawa a bayan kunne, ya hau shi kamar doki. Azaba ta sa Bill ya roƙi a rage kuɗin fansar zuwa dala 1,500. Da wasiƙarsu ta isa ga uban, sai ya amsa da nasa tayin: su kawo yaron gida da dare, su biya shi dala 250, shi kuma zai daure ya karɓe shi. Suka biya. Uban ya ce zai iya riƙe yaron na minti goma kawai, su kuwa suka ranta a na kare.

Dabarun da suka gina dariyar

Dabara ta farko, wadda duk sauran suka rataya a kanta, ita ce juyin matsayi, abin da Bahaushe yake cewa reshe ya juye da mujiya. Mai garkuwa ya koma abin garkuwa, mai neman fansa ya koma mai biya. Abin lura shi ne marubucin bai bar juyin ya faɗo wa mai karatu daga sama a shafin ƙarshe ba. Hawa-hawa ya gina shi, kuma da lissafi: dala 2,000 ta sauko 1,500, daga nan ta wuce sifiri ta koma bashin 250. Kowace azaba da yaron ya gana wa Bill tana rage farashi, ta yadda amsar uban za ta zo wa mai karatu a matsayin abin mamaki, amma idan ya waiwaya sai ya ga tun farko can aka dosa.

Ta biyu ita ce gatse, wato faɗin abu ana nufin kishiyarsa. Sunan garin da abin ya faru, Summit, yana nufin ƙololuwar tudu, alhali garin a shimfiɗe yake kamar faifai. Tun daga nan marubucin ya shaida wa mai karatu cewa a wannan labari suna da zahiri ba za su taɓa haɗuwa ba. Ɓarayin sun gina shirinsu bisa zaton cewa son 'ya'ya yana da ƙarfi a ƙauye, sai suka faɗa kan uban da yake auna ɗansa da ma'aunin riba da asara. Sun sa hannu a wasiƙarsu da laƙabin da yake nuna su mutane ne da tura ta kai su bango, don su tsorata uban, laƙabin kuwa ya zama gaskiya ta fuskar da ba su nufa ba. Akwai kuma irin gatsen da mai karatu yake ganin abin da ɗan cikin labari bai gani ba: Bill yana ba Sam labarin yadda ya kori yaron gida ya huta, yaron kuwa yana tsaye a bayansa.

Ta uku ita ce zaɓin mai ba da labari. Sam ne yake magana da bakinsa, ɓarawo ne yake ba da labarin kunyarsa. Harshensa cike yake da manyan kalmomin da suka fi ƙarfin iliminsa, yana kwatanta aikin ƙeta da lafazin 'yan kasuwa da na malamai. Tazarar da ke tsakanin girman lafazi da ƙanƙantar mai lafazin ita ce take tona shi. Marubucin bai tsaya wa'azi ko sau ɗaya ba. Ya bar mai laifi ya kwance wa kansa zane a kasuwa.

Ta huɗu ita ce kambamawa da ishara. Yaro ɗan shekara goma ya gagari ƙarti biyu, Bill mai ƙiba ya tsere wa abokinsa a guje har sai da aka yi nisa da gari kafin ya cim masa. A wani wuri Bill ya ce gwarzonsa a cikin Littafi Mai Tsarki shi ne Sarki Hirudus, wanda Linjilar Matta ta ce ya sa a kashe jarirai maza a Baitalami. Wannan ishara ita ce wuri mafi duhu a labarin, kuma ita ce take nuna iyakarsa: kisan yaro yana iya zuwa a bakin Bill a matsayin raha ne kawai saboda mai karatu ya tabbata hannunsa ba zai taɓa aikatawa ba.

Ginshiƙan da dariyar ta tsaya a kansu

Kada a ɗauka O. Henry ya yi rubutu ne a ƙasar da ba ta san garkuwa da mutane ba. A 1874 an sace Charley Ross, yaro ɗan shekara huɗu, a Filadelfiya, aka nemi dala 20,000, kuma ba a sake ganinsa ba. A 1900 an sace ɗan attajirin nan Edward Cudahy a Omaha, uban ya biya dala 25,000 aka sako shi. Masu karatun 1907 sun san waɗannan labarai. Saboda haka dariyarsu dariya ce ta mutanen da suke jin tsoro, waɗanda marubuci ya ba su damar ganin abin tsoronsu ya zama abin ba'a na ɗan lokaci. Amma domin hakan ya yiwu, sai da ya kafa wasu sharuɗɗa a cikin labarin.

Sharaɗin farko shi ne masu garkuwar suna da iyakar da ba sa ƙetarewa. Sam da Bill mayaudara ne, ba makasa ba. Babu bindiga a kan yaron, babu yunwa, babu ɗauri. Mafi tsananin abin da ya same shi shi ne mari da girgiza da shuri. Na biyu, uban yana da ikon cewa a'a ba tare da ya rasa ɗansa ba. Na uku, abin ya faru sau ɗaya ne, a wuri guda, ga iyali guda mai arziki, kuma ɓarayin baƙi ne masu wucewa, da sun gudu gari ya koma yadda yake.

Babu ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan da yake tsaye a Birnin Gwari. Dajin Kamuku, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita 1,000, yana kuma haɗe da dazuzzukan Zamfara da Katsina da Neja. Wannan ba kogon bayan gari ba ne da mai garkuwa zai riƙa saukowa yana leƙen ko an fara nemansa. Sansanoni ne na mutane masu manyan makamai da babura, waɗanda suka shafe shekaru suna tare hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari da ta Funtuwa, suna sa wa manoma haraji kafin su shiga gonakinsu. A watan Mayu na 2018 an kashe mutane fiye da arba'in a ƙauyen Gwaska a hari guda. Yaran Tegina, waɗanda da yawansu sa'o'in Jan Sarki ne ko ƙannensa, sun yi kusan wata uku a daji, iyayensu suka sayar da abin da suka mallaka, kuma ba duka suka dawo da rai ba.

Amsar Ebenezer Dorset ma an gwada irinta a zahiri. Gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin Nasiru El-Rufa'i ta tsaya kan cewa ba za ta biya fansa ba, a watan Afrilu na 2022 kuma Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin ɗaurin shekara 15 ga mai biyan fansa. Ko mene ne hukuncin masana tsaro kan wannan manufa, abin da ya shafi manazarcin adabi shi ne sakamakon da jama'a suka gani da idonsu: a watan Afrilu na 2021 an tsinci gawarwakin ɗalibai biyar na Jami'ar Greenfield tun ana cikin maganar kuɗi. Uban da ya ƙi biya a Alabama ta O. Henry ya sami ɗansa da ribar dala 250. Uban da ya kasa biya a yammacin Kaduna yana iya samun gawa, ko ya rasa ko gawar. Marubucin da ya ɗauko ƙullin labarin ya canza sunayen kawai, ya sa yaro Bahaushe yana wahalar da 'yan bindiga har su biya a karɓe shi, ƙarya ya yi wa masu karatunsa, ya kuma ɗora wa wanda aka sace laifin rashin wayo, kamar dai waɗanda suka mutu a daji sun mutu ne don ba su iya ƙiriniya ba.

Akwai wani haɗari na daban da ya kamata a ambata. Wasan da yaron yake yi a labarin ya ginu ne kan hoton da Turawan Amurka na lokacin suke da shi na 'yan asalin ƙasar, wato mutanen daji masu feɗe kai da ƙone fursuna. Marubucin bai tuhumi wannan hoto ba, aro ya yi ya yi ado da shi. Barkwancin Hausa ma yana da nasa shiryayyen hoto: Bafulatanin daji mai gurɓatacciyar Hausa, wanda ake yi wa wayo a kasuwa. A lokacin zaman lafiya wannan yana cikin wasan barkwanci tsakanin al'ummu, kowa yana ramawa. A lokacin da ake jingina ta'addanci ga ƙabila sukutum, alhali Fulani makiyaya suna cikin waɗanda aka fi sace wa dukiya da mutane, irin wannan raha tana iya zama itacen hura wuta.

Abin da adabin Hausa ya riga ya sani

Satar mutane ba baƙon jigo ba ne a adabin Hausa, kuma abin sha'awa shi ne yankin da ake magana a kansa ya daɗe a cikinsa. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya, labarin yaro ne da aka sace daga Kagara, ya bi hannu-hannu har ƙasar Larabawa, mahaifiyarsa kuma ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Tafawa Ɓalewa ya zaɓi salon natsuwa da tawakkali, kuma shi ma bakin wanda abin ya shafa ya ba labarin, sai dai a nan wanda aka sace ne yake magana, ba ɓarawon ba. A littafin Baba of Karo da Mary Smith ta buga a 1954, wata tsohuwa daga ƙasar Zazzau ta ba da labarin yadda mahara suke kama mutane, dangi su tara kuɗi su fanso su. Hare-haren Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, a ƙasar Gwari kafin Turawa su ci garinsa a 1901, suna cikin tarihin da ya haifi waɗannan labarai. Kalmar fansa da kanta ta daɗe a bakin Bahaushe tun zamanin bauta.

A ɗaya ɓangaren, juyin matsayi shi ne jinin jikin tatsuniya. Gizo ba shi da ƙarfi, amma kura da zaki suna shan kashi a hannunsa. Kura a tatsuniyar Hausa mai ban tsoro ce, mai haɗama, kuma wawuya. Yaron da yake jin kukanta da dare a bayan gari shi ne yake dariyarta a dandali. Tatsuniya ba ta taɓa cewa kura ba ta cin mutum ba. Abin da take yi shi ne ta nuna cewa haɗamar kura ita ce ajalinta. Wannan ya fi kusa da abin da marubucin yau yake bukata fiye da kogon Alabama.

Hanyar aro kuwa Abubakar Imam ya riga ya share ta, shi da aka haifa a Kagara a 1911. Manazarta, musamman Ibrahim Malumfashi, sun bi diddigin yadda ya ɗebo labaran Magana Jari Ce daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da wasu taskoki, ya baddala su. Darasin da ke cikin aikinsa shi ne bai ɗauki labari don sunansa ko shahararsa ba. Yakan duba abin da zai zauna a hankalin Bahaushe, ya zubar da abin da ba zai zauna ba, wani lokaci ya riƙe dabarar kawai ya sake gina labarin a kanta. Da irin wannan ido ya kamata a dubi Fansar Jan Sarki.

Hujjar masu cewa a yi shiru

Masu ganin bai dace a yi raha da wannan batu ba suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Ciwon ɗanye ne. A watan Maris na 2024 ma an kwashe ɗaliban makarantar Kuriga, a ƙaramar hukumar Chikun mai maƙwabtaka da Birnin Gwari. Akwai gidajen da har yau ba su san makomar mutanensu ba. Suna kuma cewa dariya tana sa a saba da abu, abin da aka saba da shi kuwa ba a yaƙarsa.

Sai dai shirun marubuta bai bar fagen a wofi ba. 'Yan bindigar da kansu sun shiga fagen nishaɗi: an ga wasunsu a TikTok suna baje kuɗi da makamai, mabiya suna yi musu kirari suna roƙon kyauta, an kuma yi wa Bello Turji waƙar yabo da ta yaɗu a wayoyi. Ma'ana, ana nan ana gina wa mai garkuwa hoto na jarumta da kwarjini da kyauta, irin hoton da yake jan hankalin saurayin da ba shi da aikin yi. Wa'azi da labarin tausayi suna nuna muguntar ɗan bindiga, amma sau da yawa suna ƙara masa girma a ido, domin abin tsoro abin girmamawa ne a wurin wasu. Abin da yake rushe kwarjini shi ne ba'a. Bahaushe ya san haka tun da daɗewa: zambo da habaici makamai ne da sarakuna da attajirai suke shakka, 'yan kama da 'yan gambara kuma sun sha faɗin abin da mai hankali ba zai iya faɗa a fili ba. Dokar da ta hana taɓa jigon gaba ɗaya ta ƙwace wannan makami daga hannun mai gaskiya, ta bar wayar ɗan bindiga tana aiki.

Inda ya kamata a karkata dariyar

Tambayar da ta dace ita ce wa ake yi wa dariya, kuma wa yake biyan kuɗinta. A labarin O. Henry ba a taɓa yi wa tsoron yaro dariya ba, domin ba shi da tsoro. Haɗamar ɓarayi da rowar uba ake yi wa. Idan aka riƙe wannan ƙa'ida, dabarun huɗu duka suna da wurin zama a labarin Hausa.

Mai ba da labari mai tona kansa ya fi dacewa da waɗanda suke ci daga sana'ar ba tare da sun riƙe bindiga ba: infoma da yake zaune a majalisar unguwa yana jajanta wa wanda ya sayar, ɗan kasuwar da yake kai mai da abinci daji, mai shiga tsakani da yake yankar rabonsa daga kuɗin da gwauruwa ta sayar da gona ta tara. Irin wannan mutum idan aka bar shi ya ba da labarinsa da bakinsa, yana ambaton Allah yana kiran aikinsa taimako, zai tona kansa fiye da yadda huɗuba za ta tona shi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Gatse kuwa ba sai an ƙirƙiro shi ba, yana nan kwance a harshen da ake cinikin mutane da shi. Ana taya ɗan Adam kamar sa a kara, a yi ragi, a nemi cikon babur da katin waya da buhun shinkafa. Ana kiran kuɗin da aka ƙwata daga manomi haraji, kamar hukuma ce ta karɓa. Ana sanar da cewa an ceto mutanen da kowa a garinsu ya san yadda aka yi karo-karo kafin su dawo. Tazarar da ke tsakanin suna da zahiri, wadda O. Henry ya fara labarinsa da ita, ta fi faɗi a nan nesa ba kusa ba, kuma marubucin da ya iya jera waɗannan kalmomi kusa da abin da suke ɓoyewa ya gama rabin aikinsa.

Juyin matsayi ma yana da gurbi na gaskiya. Ɗan bindigar da ya tara miliyoyi amma ba ya iya kwana biyu a wuri guda, ba ya iya shiga kasuwa ko asibiti, yana tsoron yaransa fiye da yadda yake tsoron soja, fursuna ne a dajin da yake tsare wasu. Wannan juyi ba ya bukatar a yi ƙarya game da wahalar wanda aka sace. Kambamawa ce kaɗai take bukatar taka-tsantsan, domin a inda zahiri ya riga ya wuce hankali, ƙari a kansa yakan rage masa nauyi.

Kammalawa

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhun da aka yi da wasu 'yan bindiga, kasuwar da ta shafe shekaru a rufe. Ko sulhun ya ɗore ko bai ɗore ba, mutanen yankin sun fara samun sararin ba da labarin abin da ya same su, kuma al'ummar da ta sha wuya ba ta rasa irin rahar da ta jure da ita. Wannan raha tasu ce, su ne suke da ikon yin ta, kuma ita ce ta fi cancantar a tattara a nazarta, da izininsu da kuma sakaya sunayensu, kafin marubutan birni su ƙaga musu wata.

Ga sassan nazarin Hausa a jami'o'i, shawarar ita ce a karantar da Fansar Jan Sarki a darasin gajeren labari kafaɗa da kafaɗa da Shaihu Umar da tatsuniyoyin Gizo da kura, a bar ɗalibai su gano da kansu abin da ya sa dabara guda take ba da dariya a wani wuri ta zama cin fuska a wani. Ga hukumomin tace finafinai da littattafai kuma, ma'aunin da ya fi hana jigo baki ɗaya shi ne a duba aikin a tambaya: ya ƙara wa mai garkuwa kwarjini ne ko ya rage masa, ya kare mutuncin wanda aka sace ne ko ya mai da shi abin wasa, ya kama mai laifi ne ko ya yi wa ƙabila kuɗin goro. Aikin da ya tsallake waɗannan tambayoyi ya cancanci a bar shi ya isa ga jama'a, ko da kuwa zai sa su dariya.